Nonon Yusufa

Da hantsi muka shiga Madina, ni da maigidana, a motar da ta kwaso mu daga Jidda. A shekarun nan ne da ake aika saƙo gida a kaset, ba kowa ke da waya ba. Da sunan umara muka zo, amma zama muka yi niyya. Malam tela ne, an gaya masa akwai aiki a shagunan da ke kewaye da Masallacin Annabi. Ni kuwa ina ɗauke da ƙaramin ciki, na kuma baro 'yata ta fari a hannun mahaifiyata a Funtuwa. Labarin rabuwarmu da su ba zan ba da shi ba.

Wani ɗan garinmu ya yi mana kwatancen gidan Hajiya Kulu a Ƙuba, bayan wata tsohuwar gonar dabino. Kakanta da ƙafa ya zo daga Kano, ita kuma a nan aka haife ta, 'yar ƙasa ce da takardarta. Hausarta irin ta tsofaffi ce, tana cikin magana sai ta zarce da Larabci ba ta sani ba. Ta dube mu sama da ƙasa kafin ta ba mu ɗakin da ke kusa da tankin ruwa.

"Ya binti," ta ce da ni, "garin Manzo ne, alheri ya fi yawa. Amma ki rage magana. In an kira ki da wani suna a hanya, kada ki waiwaya."

"Wane irin suna, Hajiya?"

"Za ki ji."

Na kuwa ji. Takruniya shi ne na kullum, sunan da suke kiran duk baƙar mace daga wajenmu, wani da raini, wani ba da komai ba. Amma wata rana ina dawowa daga kanti wasu samari a mota suka rage gudu, ɗayansu ya leƙo ya ce "abda," suka yi dariya suka wuce. Na iske Hajiya tana tsintar shinkafa, na tambaye ta ma'anarsa.

"Baiwa," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Ke ma ana ce miki haka?"

"Ni da aka yanke wa cibiya a nan? Ana ce mini. Ɗana Usman yana aiki a ofis, ya nemi 'yar abokin aikinsa, tare suke sallah sahu ɗaya. Ba su ce don komai ba. Cewa suka yi babu rabo."

Daga ranar na fara zargin kowane farin mutum. Akwai wani tsoho mai sayar da dabino a bakin Masallacin Ƙuba, ya ga cikina, ya cika mini hannu, ya nuna da yatsa cewa na wanda ke ciki ne. Ban ci ba. Na ƙulle a gefen mayafi na kai wa Hajiya. Ta yi dariya har da tari, ta ce haka yake yi wa kowace mai ciki tun ita Hajiya tana budurwa. Duk da haka sai da na ga ta ci ɗaya sannan na ci.

Cikina ya tsufa aka kama Malam a shago, ba shi da iƙama, takardar zama ke nan. Ban gan shi ba, saƙo kawai ya iso ni cewa an mai da shi gida. A ɗakin Hajiya na haihu, namiji. Usman ya yi masa huɗuba, aka sa masa Yusufa. Yaro ne mai yawan gashi, mai ƙarfin tsotso. Bai yi arba'in ba zazzaɓi ya kama shi. Hajiya ta goya shi ta kai shi asibiti da kanta. Da ta dawo, zanen goyon ne a hannunta.

An yi masa sallah a Masallacin Annabi, maza suka shiga da shi Baƙi'a. Mata ba sa shiga maƙabartar, kuma kaburburan babu suna. Na tsaya a bakin shinge, Usman ya fito ya nuna mini da hannu ya ce wajen can ne. Wajen can ɗin duk ƙasa ce iri ɗaya da tattabaru. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce in gode wa Allah, manyan mutane suna roƙon a binne su a nan ba su samu ba. Na gode wa Allah. Amma nono bai daina zuwa ba. Rigata takan jiƙe ina sallah, ƙirjina ya yi tauri kamar dutse, in shiga bayi in tatse a ƙasa.

Ana nan sai ga Jibril, wani Bahaushen Sudan, direba ne, yana kuma haɗa mutane da aiki. Ya zo gaisuwa, ya zauna ya sha shayi, ya ce akwai wani gida a Al-Azizya suna neman mace mai tsabta.

"Girki ne kawai da ɗan shara, ya ukhti. Zama da tunani ba zai yi miki ba."

Hajiya ta dube shi ta gefen ido, amma ba ta hana ni ba.

Gida ne mai hawa biyu da ƙofar ƙarfe. Tsohuwar gidan, uwar maigidan, kowa Sitti yake ce mata. Da aka shigar da ni gabanta ba hannuna ta duba ba, ba ta kuma tambaya ko na iya girki ba. Ƙirjina ta duba. Sai na ji kukan jariri daga sama, siriri, irin na yaron da ya gaji da kuka. Wata matashiya fara sol ta sauko da shi, idanunta sun kumbura. Ita ce matar gidan, Suhaila, ni dai Madam aka ce in riƙa ce mata. An yi mata aiki wajen haihuwa, ta yi jinya, nononta ya ƙafe. Yaron, Mazin, duk madarar gwangwanin da aka ba shi amayar da ita yake yi.

Na juya na ce da Jibril da Hausa, "Malam Jibril, girki ka ce mini."

"Lada ne, ya ukhti. Ke yana zuba a banza, shi yana mutuwa. Da na faɗa miki da kin zo?"

Ya je gidan mutane ya sayar da labarin mutuwar ɗana, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. Har yau ban san yadda zan aje wannan mutumin a zuciyata ba.

Sitti ta sa aka kai ni wajen likita aka ɗibi jinina. Ta sa Jibril ya tambaye ni ko ina sallah. Sannan ta kawo kwalbar shayarwa ta nuna mini: in tatsa a ciki, su ba shi. Yaron ba zai taɓa jikina ba. Aka ba ni ɗaki kusa da kicin, da faranti, da kofin ƙarfe wanda aka ɗaura wa jan zare a marikinsa don kada ya gauraya da nasu.

Kwalbar ba ta yi ba. Abin da hannu ke fitarwa kaɗan ne, shi kuma yana ture robar da harshe. Wata rana bayan abincin rana, Sitti ta kwanta, sai Madam ta turo ƙofar ɗakina da yaron a hannu. Ta rufe ƙofa. Ta aza mini shi a cinya, ta juya fuskarta bango. Ya kama nan take. Ya sa ɗan hannunsa a wuyana kamar yadda Yusufa yake yi. Na danne kukana don kada jikina ya girgiza ya saki.

Haka muka ci gaba. Sitti ta gane, ta yi kamar ba ta gane ba, tunda jikanta ya fara kumari. Sai dai duk lokacin da aka karɓe shi daga hannuna takan sa a goge masa baki da tsumma da ruwan wardi. In baƙi za su zo, a fito da gwangwanin madara a ajiye a kan tebur inda kowa zai gani, ni kuma in zauna a kicin.

Madam tana yi mini alheri. Ita da kanta take dafa mini hulba, ta sa a ajiye mini romon kaza, ta saya mini abaya sabuwa. Ni kuwa a raina cewa nake, ai mai saniya ma yana ba ta dusa. In ta yi mini murmushi sai in jira in ga me za ta nema.

Ranar Juma'a ake barina in je Ƙuba. Na taɓa ce wa Hajiya, "Ai a addini ɗana ne, ko?"

"Ɗanki ne. Kin sani, sun sani, babu wanda bai san hukuncin shayarwa ba a garin nan. 'Yarki ta Funtuwa yayarsa ce, Malam ubansa ne. Amma kada ki sa rai, ya binti. Ranar yaye za su sallame ki, a rufe maganar. Zai girma ya wuce ki a hanya bai san ki ba. Ƙila ma shi ne zai leƙo ta mota."

Wannan maganar ta zauna mini. Ina shayar da shi, ina kallon dogon gashin idonsa, sai in ji muryar samarin nan.

Mazin ya yi zama, ya yi rarrafe, ya tashi da ƙafarsa. Bai iya faɗin sunana Hurera ba, sai ya ce Lela. Ni ma kunnena ya buɗe, na fara jin Larabci fiye da yadda suke zato, ko da yake bakina bai kai ba. Sai ga kaset daga gida ta hannun wata mai umara. A rikodar Hajiya muka saurara. Malam ya ce ya samu shago, da an yaye yaron mutane in dawo. Mahaifiyata ta yi addu'a. Daga ƙarshe aka sa 'yata ta gaishe ni, muryarta ta canza har ban gane ta da farko ba. Ta ce, "Umma, an ce kina da wani ƙanena kuma. Wai fari ne?" Aka ji manya suna dariya a bayanta, kaset ya ƙare.

Na ce wa Hajiya ina so ta zo ta yi mini tafinta, zan yi magana da Madam.

"Me kike so su ba ki? Iƙama?"

"A'a."

"To me?"

"So nake a faɗa, Hajiya. A gaban mutane. Ɗaya na binne ban san kabarinsa ba. Ba zan bar na biyu a haka ba."

"La haula. Mu da muka tsufa a nan ba mu buɗe wannan bakin ba, sai ke da kika zo jiya?"

Amma ta zo. Ta sa abayarta mai kyau da turare, wata la'asar da Sitti ta fita ziyara. Muka zauna mu uku a kicin, Mazin yana barci. Na yi magana mai tsawo da Hausa. Na faɗi kwalbar, na faɗi ruwan wardi, na faɗi gwangwanin da ake ajiyewa a tebur. Hajiya ta saurara, ta juya wajen Madam ta ce da Larabci, "Tana godiya, kuma za ta yi kewar yaron."

"Hajiya, ba haka na ce ba."

"Haka ake faɗa, ya binti."

Sai na tashi na ɗauko kofina mai jan zare na ajiye a tsakiyar tebur. Da ɗan Larabcina na kicin na yi sauran maganar, ina tuntuɓe.

"Madam, wannan na mene ne?"

Fuskarta ta yi ja. Ta ce al'ada ce kawai, kowace mai aiki da kofinta.

"Mai aikin ƙanwarki, Bafilipina, da ta zo nan, da wane kofi ta sha shayi?"

Ta sunkuyar da kai, na ci gaba.

"Nonona yana shiga cikin ɗanki. Bakina ba ya taɓa kofinki. Ki gaya mini, ni mai tsabta ce ko ba mai tsabta ba? Ɗaya nake so in sani."

Hajiya ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na ɗauka Madam za ta tashi ta kira mijinta. Sai ta kama kofin tana juya zaren da yatsa.

"Kina so in faɗa miki gaskiya?"

"Ita na zo nema."

"Ranar da na kawo miki shi na juya bango, ba kunya ba ce. Ba na so in ga bakinsa a jikinki. Kuma bayan nan, kowace safiya nakan kai shi bakin taga in duba fatarsa, in duba bayan kunnensa. Na yi makaranta, na san nono ba ya canza launi. Amma na duba. Na daɗe ina dubawa."

Hajiya ba ta fassara ba, ta san na ji. Maganar ta yi mini zafi fiye da ta samarin mota. Amma tun da na shigo gidan, ita ce magana ta farko daga bakinta da ban yi zarginta ba.

Ta ci gaba. Ta ce wata baƙar mace ce ta raine ta a gidansu, Dada suke ce mata, ita ke yi mata wanka, a jikinta take barci. Da matar ta mutu ta yi kuka fiye da yadda ta yi wa kakarta. Sai da ta girma ta lura ba ta san sunan uban Dada ba, ba ta san daga wace ƙasa take ba, ba ta kuma taɓa ganinta ta ci abinci tare da su ba.

"Ina sonta, wallahi," ta ce.

"Na yarda," na ce. "Ita ma da kofinta?"

Ta gyaɗa kai. Can ta ɗago ta ce, "Ke fa? Kina ƙinmu?"

Na yi tunani kafin in amsa, don ba na so in yi mata ƙarya bayan ita ba ta yi mini ba. "Mazin ba na ƙinsa. Ke ban sani ba tukuna. Duk abin da kika ba ni sai na juya shi na duba ƙasansa."

A nan ne Hajiya, wadda ta zo don ta kashe maganar, ta ɓalle. Ta yi ta zuba da Larabci da sauri, ban kama duka ba, amma na ji sunan Usman, na ji babu rabo, na ji tana cewa kakanta yana Baƙi'a, ubanta yana Baƙi'a, har yanzu ana tambayarta daga ina take. Madam ta ce wallahi ba ta san abin ya kai haka ba.

"Kin sani, habibti," in ji Hajiya. "Ba ki tambaya ba ne."

Da suka yi shiru na faɗi abin da ya rage mini. "Nonon nan da mai shi, Madam. Ba don Mazin ya zo ba. A gidan nan babu wanda ya taɓa tambayar sunansa."

Ta rufe bakinta da hannu. Sannan ta ce, "Yaya sunansa?"

"Yusufa."

Na gaya mata abin da nake nema: kafin in tafi, a faɗa a gaban danginsu cewa ni na shayar da Mazin. Ta ce Sitti ba za ta yarda ba. Tsoron Sitti shi ne kada ya girma a riƙa ce masa ɗan takruniya, ya je neman aure a tono. Ba ta yi mini alkawari ba, kuka kawai ta yi.

Na raka Hajiya bakin titi. Tana gyara niƙabinta ta ce, "Kuka dai suna da shi. Ki jira ki gani."

Washegari na iske an yanke jan zaren, kofina yana cikin sauran. Madam ta zuba shayi a cikinsa ta sha a gabana. Ban ji daɗi ba. Cewa na yi a raina, shi ke nan, da kofi za a sallame ni. Kwanaki suka yi ta wucewa, an fara ba Mazin abinci sosai, ba ya neman nono sai zai yi barci ko ya tsorata. Madam ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban sake ba. Na fara haɗa kayana.

Sai aka yi taron mata a gidan, an sa ranar wata 'yar ɗan'uwan Sitti. Falo ya cika da gwaggwanni da surukai, turaren wuta ya cika gida. Gwangwanin madara yana kan tebur. Ina kicin ina jera dabino Madam ta leƙo ta ce in kawo butar gahawa da kaina. Ba a taɓa sa ni haka ba. Na ce a raina, ko dai so ake a nuna musu mai aiki kafin a kore ta.

Na shiga da buta, kaina a ƙasa. Mazin yana tsakiyar matan, wannan ta ja shi, waccan ta sumbace shi, duk ya ruɗe. Da ya hango ni ya ƙwace ya rugo. "Lela! Lela!" Ya riƙe ƙafata, na durƙusa don kada gahawa ta zube masa, sai ya cusa hannu a wuyan rigata yana ja, yana kuka, irin jan da duk macen da ta taɓa shayarwa ta san ma'anarsa.

Wata ta yi dariya ta ce mai aiki ta saba masa da yawa. Sauran ba su yi dariya ba. Sitti ta ce da ni a hankali, "Ɗauke shi ki fita."

Na ɗauke shi. Na juya.

"Zauna, Ummu Yusuf."

Ban tsaya ba da farko, ban san da ni ake ba. A can ana kiran mace da sunan ɗanta don girmamawa, ni kuwa babu wanda ya taɓa kirana haka. Madam ta sake faɗa. Tana tsaye, ta riƙe bayan kujera.

"Wannan ita ta shayar da Mazin tun yana jariri, ba gwangwani ba. Ba don ita ba da mun binne shi. Uwarsa ce. Tana da 'ya a ƙasarsu, yayarsa ce. Tana da ɗa a Baƙi'a, ɗan'uwansa ne. Ku shaida."

Yaron bai daina kuka ba. Wata mata kusa da ni ta janye gefen abayarta. Sitti ta dafa sandarta ta tashi ta fita, ba ta dubi kowa ba. Sai wata tsohuwa mai farin gilashi, yayar Sitti, ta ajiye ɗan kofinta.

"Mun shaida," ta ce. "Ai wannan ba abin ɓoyewa ba ne, haramun ne ma a ɓoye. Ke, ba shi ya yi mana shiru, kunnena."

Biyu ko uku suka ce sun shaida. Wasu ba su ce komai ba. Na zauna a gefen darduma, na rufe shi da mayafina, na ba shi. Wata ta turo mini farantin dabino da yatsa ɗaya, ba ta dube ni ba. Na ɗauki ɗaya.

Da baƙi suka watse na tambayi Madam, "Da gangan kika ce in kawo gahawa?"

"Na san zai rugo wajenki. Ni kaɗai ba zan iya buɗe baki ba."

"In da bai rugo ba fa?"

Ta dube ni ta ce, "Ban sani ba." Ban so amsar ba, amma na yarda da ita.

Sitti ba ta ƙara yi mini magana ba har na bar gidan, ita ma Madam ta sha nata fushin. Ruwan wardi dai ba a sake kawowa ba.

Ana gobe zan tafi Jidda, inda irinmu ke miƙa kansu a mai da su gida, maigidan, wanda gaisuwa kawai ke haɗa mu, ya ce mu shiga mota. Muka biya Ƙuba muka ɗauki Hajiya, muka nufi tsakiyar gari. Bayan la'asar ne, an buɗe ƙofar Baƙi'a. Maigidan ya saɓa Mazin a kafaɗa ya bi sahun maza ya shiga. Mu uku muka tsaya a bakin shinge, ni da Hajiya da Ummu Mazin, don ranar na daina ce mata Madam. Na nuna mata da hannu wajen da Usman ya nuna mini. Ta daɗe tana kallo.

Hajiya ta raɗa mini da Hausa, "Sun yi abin kirki. Amma mu gani in ya girma."

"Mu gani," na ce.

Da suka fito takalman maigidan sun yi ƙura. Ya tsaya nesa kaɗan, idonsa a ƙasa, ya ce da ni, "Ummu Yusuf, ban san wanne ne ba. Sai na kai shi wajen ƙananan duka, na ce ya yi wa ɗan'uwansa sallama." Mazin ya miƙo hannu in ɗauke shi. Na ɗauke shi. Ban ba shi nono ba, an riga an yaye shi.

Na dawo Funtuwa. Allah bai sake ba ni haihuwa ba. Mun yi musayar gaisuwa ta hannun Hajiya har ta rasu, daga nan hanya ta yanke. Yanzu Mazin ya zama magidanci, in yana raye. Ban sani ba ko an gaya masa, ban kuma san me yake cewa in ya ga baƙar mace a hanya ba. Wani lokaci ina kyautata zato, wani lokaci maganar Hajiya ta dawo mini. Abin da na sani shi ne an faɗa da ƙarfi a gaban danginsa, kuma an ce an shaida.

'Yata ta yi aure, tana da nata 'ya'yan. In aka ce mata ita kaɗai ce a wajen uwarta, sai ta ce a'a, ƙanne biyu gare ta a Madina, ɗaya a Baƙi'a, ɗaya a Al-Azizya.